Bashin da Mamaci Yake Bi: Haƙƙin Fansho Bayan Rasuwar Ma'aikaci

Lacca da aka gabatar a gaban masu unguwanni, limamai da iyaye mata a cikin birnin Kano

Iyayenmu mata da 'yan'uwanmu da ke zaune a wancan ɓangare, ina roƙon ku kasa kunne sosai, domin mafi yawan abin da zan faɗa a kanku yake faɗawa.

Duk wanda ya tashi a cikin ganuwar nan ya san abin da ake yi idan an fito da gawa. Kafin liman ya tayar da kabbara, ko bayan an dawo daga maƙabartar Dandolo ko ta Ƙofar Mazugal, sai wani babba cikin dangi ya miƙe ya ce duk mai bin marigayi bashi ya zo ya same su, wanda kuma zai yafe Allah ya saka masa da alheri. Al'ada ce mai kyau, addini ne ya koya mana ita. A kan ƙara da cewa wanda marigayi yake bi shi ma ya kawo. Sai dai idan aka faɗi haka, hankalinmu yana tafiya ne ga abokin ciniki a kasuwar Kurmi ko maƙwabcin da ya ranci kuɗin buhun gero. Ba ma kawo gwamnati ko kamfani a ranmu. Alhali ga mutumin da ya yi shekara ashirin ko talatin yana aikin albashi, babban bashin da yake bi a duniya yana can a wurin da ake yankar masa kuɗin fansho kowane wata. Kuɗinsa ne, guminsa ne. Ranar da ya cika, kuɗin nan ya zama na magadansa, kuma neman sa ba roƙo ba ne, ba kuma kwaɗayi ba ne. Karɓo dukiyar marayu ne daga hannun wanda aka ba ajiya.

Tambayar farko da za a yi a gidan rasuwa ita ce: a ina marigayi ya yi aiki, kuma yana kan aiki ya rasu ko ya riga ya yi ritaya? Amsar wannan ce za ta nuna ƙofar da za a ƙwanƙwasa. Iyalai da yawa suna ɓata watanni suna zarya a ofishin da ba nasu ba.

Idan malamin firamare ne, ko ma'aikacin ƙaramar hukumar Birni, Dala ko Gwale, ko nas a Asibitin Murtala, ko mai aiki a ɗaya daga cikin ma'aikatun sakatariyar Audu Bako, to shi na jiha ne. Jihar Kano tana da dokarta ta fansho da garatuti ta 2006, wadda aka yi a zamanin Malam Ibrahim Shekarau, kuma ita ta kafa Hukumar Amintattun Asusun Fansho ta jiha. Dokar ta 2006 ta tanadi a yanki kashi 8 cikin 100 na albashin ma'aikaci, gwamnati ta ɗora kashi 17, a zuba a asusu ɗaya na kowa da kowa. Ma'aikacin jiha ba shi da asusu na ƙashin kansa. Ana lissafa haƙƙinsa ne da matakin albashinsa da shekarun da ya yi yana aiki. Saboda haka fayil ɗinsa na ofis shi ne komai. Daga ma'aikatarsa maganar take tashi, a yi lissafi, masu binciken kuɗi su tantance, sannan ta isa hukumar fansho a shiga layi.

Maƙwabcinsa kuwa da suke lungu ɗaya, wanda shi ma nas ne amma a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ko malami a Jami'ar Bayero, ko ɗan sanda, ko ma'aikacin banki, hanyarsa daban ce. Shi yana ƙarƙashin tsarin karo-karo da Shugaba Obasanjo ya kawo da dokar 2004, wadda aka sake wa fasali a 2014 zamanin Shugaba Jonathan. A nan ma'aikaci yana ba da kashi 8, mai ba shi aiki kashi 10, kuma kuɗin yana shiga asusu mai ɗauke da sunansa da lambarsa a wani kamfanin fansho da ya zaɓa. Hukumar PenCom ce ke sa ido a kan kamfanonin, kuma tana da ofishin shiyyar Arewa maso Yamma a nan Kano. Tsofaffin ma'aikatan tarayya da suka ajiye aiki kafin ƙarshen watan Yunin 2007, irin su dattawanmu na reluwe, gidan waya da NITEL, su suna hannun hukumar PTAD da aka kafa a 2013. Soja kuma an fitar da su daga tsarin karo-karo a 2011, suna da hukumar fanshonsu ta daban a Abuja.

To me ake bi? A tsarin karo-karo, idan mutum ya rasu yana kan aiki, kuɗi biyu ne, ba ɗaya ba, kuma na biyun shi ake yawan mantawa. Na farko abin da ya taru a asusunsa tare da ribar da ya haifa. Idan kuma ma'aikacin tarayya ne da ya kama aiki kafin 2004, akwai haƙƙinsa na shekarun baya da gwamnati za ta zuba a cikin asusun. Na biyu kuɗin inshorar rai. Dokar 2014 ta wajabta wa mai ba da aiki ya yi wa ma'aikatansa inshorar da ba ta gaza ninki uku na jimlar albashinsu na shekara ba. Wanda yake ɗaukar Naira 1,200,000 a shekara, iyalinsa suna bin aƙalla Naira 3,600,000 ta wannan hanya kaɗai, ko da bai daɗe da kama aiki ba. Kuma dokar ta ce kamfanin da ya ƙi biyan kuɗin inshorar, shi zai fitar da kuɗin daga aljihunsa. Sau da yawa manaja zai zo ta'aziyya da ambulan da buhun shinkafa, iyali su yi godiya har da hawaye, su ɗauka magana ta ƙare. Ambulan ɗin ta'aziyya alheri ne, Allah ya saka. Amma bai shafe haƙƙin da doka ta yanka ba.

Idan kuwa ya riga ya yi ritaya, sai a duba wane zaɓi ya yi ranar da ya ajiye aiki. Wanda ya bar kuɗinsa a kamfanin fansho ana ba shi kaɗan-kaɗan duk wata, abin da ya rage a asusun na magada ne gaba ɗaya. Wanda ya kai kuɗin kamfanin inshora don a riƙa biyansa har ƙarshen rayuwarsa, akwai lamunin shekara 10: in ya rasu a cikinsu, iyali za su karɓi na ragowar shekarun, in ya haura, babu sauran abin bi. A tsohon tsarin da dokar 1979 ta shimfiɗa, lamunin shekara biyar ne bayan ritaya, sai kuma duk wani garatuti ko bashin watanni da ba a biya shi ba har ya rasu.

Akwai wasu ƙananan ƙofofi da zan ambata a gurguje. Kuɗin asusun gidaje na ƙasa, kashi biyu da rabi da ake yankar wasu ma'aikata, ana mayar wa magada ta Bankin Ba da Lamunin Gidaje na Tarayya. Wanda ya mutu ta dalilin haɗari a bakin aiki, dokar diyyar ma'aikata ta 2010 ta ba iyalinsa haƙƙi a hukumar NSITF. Iyayenmu da suka yi aiki a masaƙu da majemun Bompai, Sharaɗa da Chalawa, da yawansu an yanki kuɗinsu tun zamanin asusun tanadi na 1961 da wanda ya gaje shi a 1993, kuma an mayar da waɗannan kuɗaɗe hannun kamfanin Trustfund. Ko masaƙa ko majema ta rufe, kuɗin bai rufe ba. A kuma tambayi ƙungiyar adashin ma'aikata ta ofishinsa.

Yanzu mu zo kan takardun da ake buƙata, mu fara da ta farko, wadda a nan muke fara tuntuɓe. Mu Musulmi ne, ba ma jinkirta jana'iza. Mutum ya cika da asuba, kafin azahar an rufe shi. Kuma a cikin birni mutane da yawa a ɗakinsu suke cikawa, ba a gadon asibiti ba. Babu likitan da ya gani, babu wanda ya rubuta. Ku tuna watan Afrilun 2020, lokacin da aka yi ta rasa dattawa a garin nan. Da gwamnatin tarayya ta zo bincike, sai da aka bi maƙabartu ana tambayar masu haƙar kabari, aka bi gidaje ana tambayar iyalai, kafin ministan lafiya na lokacin, Osagie Ehanire, ya sanar da mutum 979 a ƙananan hukumomi takwas na ƙwaryar birni da kewaye. Gari mai tarihin rubutu irin Kano, amma a masu haƙar kabari aka samo lissafin mamatansa. Cikin waɗancan bayin Allah akwai 'yan fansho da ma'aikata, kuma kowane gida cikinsu ya fara neman haƙƙinsa ne da hannu wofi.

Babu hukumar fansho da za ta saurare ka ba tare da shaidar mutuwa ba. In a asibiti aka rasu, a karɓi takardar likita kafin a bar harabar, ko a koma cikin kwanakin zaman makoki tun fayil yana kusa. In a gida ne, a samo wasiƙar mai unguwa da ta limamin da ya yi salla, a yi rantsuwa a kotu, a kai wa magatakardan Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, wadda dokar 1992 ta ɗora wa rajistar haihuwa da mutuwa. In haɗarin mota ne, sai an haɗa da rahoton 'yan sanda. Wanda kuma ya ɓata babu labarinsa, abin da zamanin nan ya sa ba baƙon abu ba ne, dokar 2014 ta tanadi cewa bayan shekara guda PenCom za ta kafa kwamitin bincike, in ya gamsu sai a biya iyalinsa kamar na mamaci.

Na san abin da yake hana mu. Kunya ce. Ɗan da ya tashi ranar sadakar uku ya ce zai je neman takarda, ana iya cewa ƙasar kabarin ubansa ba ta bushe ba ya fara lissafin gado. Iyayena, ina roƙon mu sauke wa yaranmu wannan nauyi. Dattijon gida shi ya kamata ya ce wa yaro tashi ka je, don maganar ta fito daga sama, ba daga ƙasa ba.

Takarda ta biyu ita ce ta kotu, kuma a nan zan daɗe, domin a nan zumunci yake lalacewa.

Ranar da mutum ya kama aiki, ana ba shi fom ya cike, akwai gurbin da 'yan ofis ke kira nes-of-kin, wato makusancin da za a nema idan wani abu ya faru. Yawancinmu mun cike wannan gurbi muna samari, babu mata babu ɗa, sai muka rubuta wa ko ƙane. Wasu kuma sun rubuta uwargida tun kafin amarya ta shigo, ko babban ɗa shi kaɗai. Shekaru suka wuce, ba wanda ya koma ya duba. Ranar da aka rasu sai wanda sunansa ke takarda ya ce ai marigayi shi ya bar wa. Wannan kuskure ne a shari'ar Musulunci, kuskure ne a dokar ƙasa. Sunan da ke wannan gurbi na wanda za a kira ne a sanar da shi. Bai mallaka masa ko kwabo ba. Dokar fansho ta 2014 ba ta yarda kamfani ya saki kuɗin asusu don kawai ga sunan wani a fom ba. Sai an kawo wasiyyar da kotu ta tabbatar, ko takardar izinin kula da dukiyar mamaci, ko umarnin kotun da take da hurumi, sannan PenCom ta amince. Takardar izinin ana samunta a sashen kula da dukiyar mamata na Babbar Kotun Jiha. Kamfanonin fansho da dama suna karɓar umarnin kotu mai hatimi daga jihohin Arewa, saboda haka kafin ku kashe kuɗi, ku je kamfanin ku tambayi wacce suke karɓa, su rubuta muku jerin abin da suke so. Kuma ku tabbata an ambaci kuɗin fansho da sunan kamfanin a cikin takardar. In gida da fili da asusun banki kawai aka lissafa, za a dawo da ku kotu.

Shi ma wanda kotu ta ba izinin, wakili ne. Aikinsa ya karɓo ya kawo a raba. Yadda ake rabawa kuwa ba sabon abu ba ne ga mutanen da suka yi karatun Risala a zaurukan Madabo da sauran makarantun birnin nan. Suratun Nisa'i ta yanka wa kowa rabonsa. A fara da kuɗin jana'iza, a biya bashi, a zartar da wasiyya in akwai, kada ta wuce sulusi, sannan a raba saura. Bari in buga misali da lissafi. A ce bayan an cire waɗannan, Naira 2,400,000 ta rage. Marigayi ya bar mata biyu, mahaifiya, 'ya'ya maza uku da mata huɗu, da ƙanensa wanda sunansa ke fom. Matan biyu suna da tumuni, Naira 300,000, kowacce 150,000. Mahaifiya tana da sudusi, 400,000. Saura 1,700,000 na 'ya'ya ne: kowane namiji 340,000, kowace mace 170,000. Ƙanen da aka rubuta fa? Ba shi da komai, domin ɗa namiji ya katange shi. In ya yi wahalar zirga-zirga, a mayar masa da kuɗin motarsa da na takardu, a gode masa, Allah ya ba shi lada. In ya riƙe kuɗin, dukiyar marayu ya ci, kuma malamai da ke nan sun fi ni sanin abin da aka tanadar wa mai yin haka.

Kuɗin inshorar rai yana da ɗan bambanci da ya kamata a sani. A doka, kamfanin inshora yana biyan wanda ma'aikaci ya ambata da suna a matsayin mai cin gajiya. Malamai kuma sun yi saɓani: wasu suna ganin kyauta ce daga mai ba da aiki zuwa ga wanda aka ambata, wasu suna ganin tun da aikin marigayi ne ya jawo ta, gado ce. Ni ba mufti ba ne, amma ra'ayina a fili yake: a gidan da akwai ƙananan yara daga ɗakuna daban-daban, a kai maganar gaban alƙali, a Ƙofar Kudu ko Shahuci ko kotun da ta fi kusa, ya yanke a rubuce. Kada ɗaki ɗaya ya kwashe a ɓoye, domin abin da aka ɓoye yau zai fito ranar da yaran suka girma.

Ina so in yi magana a kan gwauruwar da aka bari. Tana cikin takaba, wata huɗu da kwana goma, kuma daidai wannan lokaci ne ake buɗe fayil, ake zaɓen wakilai, ake sa hannu. Ba ta fita, ba ta tambaya, in ta tambaya a ce ba ta da ta ido. Kafin ta fita takaba an gama komai a zaure. Na ga matan da suka zo ofis da goyo bayan shekara, aka buɗe fayil aka nuna musu an biya tuntuni. Malamanmu na Malikiyya sun bayyana cewa mai takaba tana iya fita da rana don buƙatar da ta zama dole, ta dawo ta kwana a ɗakinta. Ko ba ta fita ba, babu abin da ya hana a sa sunanta ko na wanda ta amince da shi daga danginta cikin wakilai. Kotu galibi tana son wakilai biyu ko fiye idan akwai ƙananan yara. A gidan mata biyu ko uku, kowane ɗaki ya sami ido a ciki, kuma kuɗin ya shiga asusun da mutum ɗaya ba zai iya cirewa shi kaɗai ba. Rabon yaron da bai balaga ba a rubuta shi da adadinsa, da sunan wanda ya riƙe, a gaban shaidu. Ba zargi ba ne ga kowa. Mai gaskiya ma kariya ce gare shi.

Ko an haɗa takardu tsaf, akwai jira, kuma ba zan ɓoye muku ba, jiran ma'aikatan jiha ya yi tsawon da bai kamata ba. Gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta ce ta tarar da bashin garatuti da haƙƙin mamata na kimanin Naira biliyan 48, kuma a Disambar 2023 ta fara biya da biliyan 6, wasu rukunai suka biyo baya. Duk wanda ya biya ya kyauta, amma mu tuna ma'anar wancan adadi: akwai mutanen da suka yi ritaya suna jiran garatuti har suka mutu, fayil ɗinsu ya tashi daga layin masu rai ya koma layin mamata. Kuma kuɗi ba ya jira a yadda yake. Bayan cire tallafin man fetur a Mayun 2023, hauhawar farashi ta haura kashi 34 cikin 100 a ƙarshen 2024. Miliyan ɗayan da aka lissafa wa gwauruwa shekara biyar ko shida da suka wuce, a lokacin da za ta iya kama mata ɗaki biyu ta sa haya, yau ba ta kai ko'ina ba. Ra'ayina shi ne a riƙa sa haƙƙin mamata a gaban layi a kowane rukunin biya, a kuma manna jerin sunaye bisa ranar da fayil ya kammala, don kowa ya san inda yake ba sai ya nemi ɗan'uwa a sama ba.

Inda jira ya yi tsawo, nan 'yan kan-ta-waye suke samun abinci. Za su tare ku a bakin ƙofar ofis, ko su bugo waya su ce daga Abuja suke, fayil ya fito, a turo kaza a saki kuɗi. PenCom da PTAD sun sha sanarwa cewa ba a biyan ko sisi don a fitar da haƙƙi. Kuɗin da doka ta sani shi ne na kotu, kuma da rasiti. Kada ku ba kowa lambar sirrin katin banki. Kada ku saki takardun asali. Ku yi hoto ku bayar, a buga muku hatimin karɓa da kwanan wata a kan naku kwafin. In kamfanin fansho ya yi ta jan ku, ku rubuta wa ofishin PenCom na nan Kano. In a ofishin jiha aka nemi na goro, akwai Hukumar Karɓar Ƙorafe-ƙorafe da Yaƙi da Cin Hanci ta jiha. In rikicin na cikin gida ne, a fara da mai unguwa ko Hisba kafin a kai ga alƙali.

Akwai kuma laifin da yake namu, kuma adalci ne in faɗe shi a gabanku. Wasu gidajen suna ɓoye rasuwar ɗan fansho, su riƙe katinsa suna cirar kuɗi duk wata. Na san talauci ne yake kai mutum, na san ana cewa ai gwamnati ma ta ci namu. Amma fanshon wata-wata na mai rai ne. Abin da aka cira bayan ya cika ba halal ba ne, kuma ranar da aka zo neman haƙƙin gaskiya za a gano, a cire, wani lokaci a rufe fayil ɗin a shiga bincike. Wannan ɗabi'a ce ta sa hukumomi suke ta kiran tsofaffi tantancewa, har PTAD ta fito da tsarin da ɗan fansho zai riƙa nuna fuskarsa ta waya don a tabbatar yana raye. Tsohon da ke kan layi cikin rana yana biyan laifin wani gida ne.

Iyayena masu unguwanni, ga abin da nake roƙo a wurinku. Babu gawar da take fita daga unguwa ba ku sani ba. Ku ajiye littafi guda, a rubuta sunan mamaci, ranar rasuwa, maƙabartar da aka kai shi, limamin da ya yi salla, da wurin aikinsa in ma'aikaci ne. Wasiƙar da za ku bayar bayan shekara biyu za ta fito ne daga rubutu, ba daga tuni ba. Ku kuma limamai, a cikin nasihar da kuke yi a zaman makoki, ku ƙara jimla ɗaya ga manyan gida: a naɗa waɗanda za su bi haƙƙin marigayi, da sanin matansa, kafin a watse ranar bakwai. In ta fito daga bakinku ba wanda zai kira ta kwaɗayi.

Ku kuma ma'aikatan da ke zaune a nan da ranku da lafiyarku, mafi yawan wahalar da na lissafa kuna iya kashe ta cikin mako guda. Babbar matsalar da ke tsayar da fayil ita ce saɓanin suna da ranar haihuwa. Mutum ɗaya, a takardar kama aiki Mamman, a banki Muhammad, a katin ɗan ƙasa Muhammadu da sunan unguwarsu a ƙarshe, shekarun haihuwa kuma uku daban-daban. Kana raye gyaran nan rantsuwa ɗaya ce da ɗan zirga-zirga. Bayan ranka, iyalinka ne za su yi ta ƙoƙarin tabbatar da cewa mutanen nan uku kai ne. Wanda ya buɗe asusun fansho kafin 1 ga Yulin 2019, PenCom ta ce ya koma kamfaninsa a sabunta bayanansa da lambar NIN, kuma a wannan zama ne za ka gyara sunan makusanci. Ma'aikacin jiha ya nemi ganin fayil ɗinsa, ya tabbata takardar kama aiki, ta tabbatarwa da ta ƙarin girma na ƙarshe suna ciki, ya kuma sabunta sunayen matansa da 'ya'yansa. Sannan ka haɗa kwafin waɗannan, da takardar albashi ta kwanan nan, da sunan kamfanin fanshonka da lambarka, a ambulan ɗaya. Ka kira matanka duka, ba ɗaya ba, da babban ɗanka ko 'yarka, ka nuna musu inda ka ajiye, ka gaya musu sunan mutum ɗaya a ofishinku da za su nema.

Mai tambaya a kan halin da gidansu yake ciki ya same ni bayan an tashi, ya zo da duk takardun da ke hannunsa.